Zaman Jama'a a Ƙungiyar Tseren Ƙananan Jiragen Iska ta Ingila

Gabatarwa

Wanda duk ya ratsa karkarar Ingila ranar Lahadi da hantsi, tsakanin watan Afrilu da na Oktoba, da wuya ya yi nisa bai hangi wani tafki ba wanda ƙananan jirage suke kai da kawowa a kansa, kowanne da ƙyalle fari ko shuɗi ko ja a miƙe yana kama iska. A bakin tafkin akan ga ɗan gini guda, da sandar tuta, da fili inda aka jera waɗansu jiragen a lulluɓe. Wurin nan mazaunin wata ƙungiya ce mai shugabanni da dokoki da bukukuwa da takardar labarai, har ma da salon magana irin nata. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda irin wannan ƙungiya ta samu, da yadda take tafiyar da al'amuranta, tare da nuna cewa ƙashin bayanta shi ne aikin karɓa-karɓa da 'ya'yanta suke yi wa juna ba da lada ba.

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalma guda. Kalmar filafili takan zo da ma'anar abin tuƙin kwalekwale, takan kuma zo da ma'anar ƙyallen da iska ke turawa. Don gudun ruɗani, a nan za a riƙa cewa ƙyallen iska, jirgin da yake tafiya da shi kuwa a kira shi jirgin iska.

Kalmomin aro

Abin lura na farko shi ne yawancin manyan kalmomin wannan wasa ba na Ingilishi ba ne tun asali. Sunan ƙaramin jirgin kansa, watau dinghy, daga ƙasar Indiya ya fito, inda a harshen Bengali da na Hindi ake kiran wani ƙaramin kwalekwalen kogi dingi. Turawan da suka yi ciniki da mulki a can su suka kai kalmar gida, suka kuma cusa harafin h a rubutunta domin mai karatu ya san g ɗin mai ƙarfi ne. Kalmar yacht, sunan babban jirgin shaƙatawa, ta mutanen Holan ce, tushenta kuwa farauta ko bin sawu. Regatta, watau bikin tseren jirage, daga birnin Banis na Italiya ta taso, ta yi tafiya mai nisa har Nijeriya, inda ake kiran bukukuwan kwalekwale na bakin Kwara da ita. Mai nazarin Hausa zai tuna da bikin Rigata na Yawuri.

Kalmar starboard, wadda take nufin gefen dama na jirgi, ita ce 'yar gida, domin a tsohon Ingilishi ma'anarta gefen tuƙi, saboda a dama ake ɗaura babban filafilin juya akalar jirgi kafin a ƙago irin na baya. An daina wannan ɗauri ɗaruruwan shekaru da suka wuce, amma har gobe ita ce kalmar da matuƙi yake ɗaga murya da ita idan yana neman a ba shi hanya.

Daga fada zuwa kududdufi

Wasan ya shiga Ingila ta ƙofar sarauta. A 1660 mutanen Holan suka ba Sarki Charles na Biyu kyautar wani jirgi mai suna Mary, a 1661 kuma ya yi tsere da ƙanensa a kogin Tems. Ƙungiyar da aka kafa a Kok ta ƙasar Ailan a 1720, da wadda aka kafa a 1815 wadda daga baya ta zama Royal Yacht Squadron a garin Cowes, duk na masu hannu da shuni ne, waɗanda suke da jirage manya da barori masu tuƙa musu. Talaka ba ya shiga sai a matsayin ɗan ƙwadago.

Matakin farko na sauyi ya zo a 1887 a gaɓar Dabilin, sa'ad da Thomas Middleton ya kawo shawarar a ƙera ƙananan jirage bisa zane guda da awo guda, ta yadda nasara za ta dogara ga gwanintar matuƙi, ba ga nauyin aljihunsa ba. Jiragen nan, da ake kira Water Wag, su ne tushen abin da ya zama ƙa'ida daga baya, watau rarraba jirage aji-aji, kowane aji da sunansa da alamarsa a jikin ƙyalle.

Amma babban sauyin sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya auku, kuma abubuwa da dama ne suka haɗu suka haifar da shi. A lokacin yaƙi an inganta katako mai falle-falle da gam wanda ruwa ba ya narkarwa, domin ƙera jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare sai kamfanin Fairey ya juya wannan fasaha ga ƙera ƙaramin jirgin Firefly, wanda Uffa Fox ya zana, aka kuma yi tsere da shi a wasannin Olamfik na 1948. Wani maƙerin jirage na unguwar Putney a Landan, Jack Holt, shi ya fi kowa gane abin da sabon katakon zai iya yi wa mai ƙaramin ƙarfi. Ya zana Cadet domin yara a 1947, da GP14 mai tsawon ƙafa 14, da Enterprise mai shuɗin ƙyalle a 1956, dukkansu irin waɗanda mutum zai iya sayen yankakken katakonsu ya harhaɗa da hannunsa. Wanda ya fi su shahara shi ne Mirror, wanda Holt ya yi aikinsa tare da Barry Bucknell, jaridar Daily Mirror kuma ta ɗauki nauyin tallarsa aka nuna shi a 1963. Ɗinke fallayensa ake yi da wayar tagulla kamar yadda ake ɗinkin ƙwarya, sa'an nan a bi ɗinkin da gam. An sayar da kayan haɗinsa fam 63 da sule 11, aka ba shi jan ƙyalle saboda launin kan jaridar, kuma an ƙera fiye da 70,000. Magidanci yakan haɗa shi a garejinsa cikin watannin sanyi, ya ɗora shi a kan rufin motarsa idan gari ya yi ɗumi.

Sauran abin da ya rage shi ne ruwa, shi ma kuwa zamanin ya samar. Sake gina biranen da bama-bamai suka rusa, da shimfiɗa manyan hanyoyi, sun buƙaci tsakuwa mai ɗimbin yawa, ramukan da aka haƙa kuwa suka cika da ruwa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, gama kududdufi ke nan: ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka bar wa ruwa. Daɗin daɗawa, an gina manyan madatsun ruwan sha, kamar Grafham wadda aka buɗe a 1966 da Rutland a shekarun 1970, aka kuma ba ƙungiyoyi izinin tuƙi a kansu. Ta haka malamin makaranta da akawu da makaniki, waɗanda suke zaune mil da yawa daga teku, suka wayi gari da jirgi da ruwa da ƙungiya.

Sarautar aro

Abin mamaki shi ne waɗannan sababbin ƙungiyoyi ba su yar da kayan adon tsofaffin ba. Shugaban ƙungiyar da duk ruwanta bai fi a kewaye shi da ƙafa cikin rabin sa'a ba, Kwamodo ake kiransa, watau muƙamin babban hafsan mayaƙan ruwa. Yana da mataimaki da mai bi wa mataimaki, kowannensu da tutarsa mai baki biyu kamar wutsiyar tsattsewa, ta mataimaki da ɗigo ɗaya, ta na ukun da ɗigo biyu. Ƙungiyar kanta tana da 'yar tuta mai kusurwa uku wadda 'ya'yanta suke ɗaurawa. Ɗakin da ake dafa shayi ma da sunan madafar jirgin ruwa ake kiransa, ko da yake a kan tudu yake.

Mai kallo daga waje zai iya ɗaukar wannan a matsayin burga, amma sarautar ba ta da gata. Zaɓen Kwamodo ake yi a taron shekara, galibi yakan yi shekara biyu ko uku ya sauka, ba shi da albashi, kuma shi ne wanda ake bugo wa waya idan famfo ya fashe ko ɓarayi sun fasa shagon injuna. A ƙungiyoyi da yawa wahalar taron shekara ita ce samun wanda zai yarda a naɗa shi. Muƙamin yana da amfani guda wanda ba a cika faɗa ba: yana ba mutum suna da girma a madadin kuɗin da ba za a iya biyansa ba, kuma allon da aka rubuta sunayen tsofaffin Kwamodoji a bangon zaure shi ne tarihin ƙungiyar a taƙaice.

Ranar tsere

Domin a fahimci dalilin da ya sa ƙungiyar ba ta iya tafiya sai da taimakon juna, dole a san yadda tseren yake. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da yake iyawa shi ne ya karkata da kamar digiri 45, saboda haka mai son zuwa inda iska take fitowa sai ya yi ta karkace-karkace, dama da hagu. Akwai wani allo da ake zurawa ta cikin jirgin zuwa cikin ruwa domin ya hana shi zamewa gefe. Ƙaramin jirgi ba shi da wani nauyi a ƙasansa da zai tsai da shi, nauyin mutanen ciki ne kaɗai, don haka matuƙi da abokin aikinsa sukan saƙala ƙafafu a maɗauri su kwanta baya a kan ruwa. Idan guguwa ta zo ba shiri sai jirgin ya kife, kuma kifewa ba abin kunya ba ne a wurinsu, yana cikin darussan farko da ake koya wa yaro.

Saboda haka ba a fara tsere sai jirgin ceto mai inji yana kan ruwa da mutum biyu a ciki. Ana kuma bukatar alƙalin ranar, wanda zai duba iska ya tsara hanya tsakanin gorunan alama da suke yawo a kan tafkin, da mataimakinsa mai riƙe agogo da littafi. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ana busa ƙaho a ɗaga tuta saura minti 5 da saura minti 4, a sake busawa a sauke tuta saura minti 1, sa'an nan a tashi, ko da yake ƙananan ƙungiyoyi sukan gajarta. Ga kuma mai dafa shayi da abin taɓawa domin waɗanda za su fito a jiƙe. Mutum 5 ko 6 ke nan da suka bar nasu jiragen a tudu domin wasu su yi wasa. Mako mai zuwa wasu ne za su bari. Kowane ɗan ƙungiya yana da ranakunsa a jadawali, galibi biyu ko uku a shekara, wanda uzuri ya kama kuwa shi zai nemi mai musanya da shi. Attajirin da ya zo da sabon jirgi da ɗalibin da ya zo da tsohon Mirror duk jadawali ɗaya ya ɗaure su. A watannin sanyi kuma akan kira gayya domin fenti, da sassabe, da gyaran gangaren da ake tura jirage.

Hukuncin tseren shi ma a hannun 'yan wasa yake. Babu alƙali a tsakiyar fili kamar na ƙwallon ƙafa. Doka ta ce jirgin da iska take bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa, idan kuma gefe ɗaya take bugo musu, na wajen iska shi zai kauce. Wanda ya san ya keta doka shi zai hukunta kansa nan take, ya juya jirginsa zagaye biyu, ko zagaye ɗaya idan goran alama ya taɓa. In ya ƙi, wanda aka yi wa laifi sai ya ɗaga murya ya sanar da shi zai kai ƙara, bayan an fito kuma a zaunar da 'yan ƙungiya kamar uku su saurari ɓangarorin biyu, sau da yawa da 'yan jiragen katako a kan tebur ana nuna yadda abin ya faru. Amma a ƙaramar ƙungiya ƙara ba ta da yawa, domin wanda ka kai ƙara yau mai yiwuwa shi ne zai tsamo ka daga ruwa makon gobe. Dokar farko ma a littafin dokokin tsere ta shafi taimakon wanda yake cikin haɗari ne.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce take ba ƙungiya mai jirage iri-iri damar yin tsere guda. Ana kiranta ma'aunin Portsmouth, Stanley Milledge ne ya ƙago ta, daga baya hukumar wasan ta ƙasa, Royal Yachting Association, wadda asalinta ya koma 1875, ta karɓi kula da ita. Kowane ajin jirgi yana da lamba, mai sauri lambarsa ƙarama, mai nauyin tafiya lambarsa babba. Akan ninka lokacin da jirgi ya ɗauka da 1000, a raba da lambarsa. Alal misali, a ce jirgi mai lamba 1100 ya gama cikin minti 55, lokacinsa na lissafi minti 50 ke nan. Wani mai lamba 1400 ya iso bayansa da minti 8, watau cikin minti 63, nasa lokacin ya zama minti 45, shi ne kuwa ya ci. Ƙungiyoyi suke aika wa hukumar sakamakonsu, ita kuma ta gyara lambobin shekara-shekara. Saboda haka tsoho da jikarsa a cikin tsohon jirgi suna iya kayar da saurayi mai jirgin zamani, kuma babu wanda ya san mai nasara sai an zauna an yi lissafi. Gardama a kan adalcin lambobin nan ba ta ƙarewa, har ta zama wani ɓangare na hirar shayi.

Takardar labarai

Kusan kowace ƙungiya tana fitar da takardar labarai, kuma tsarinta bai cika sauyawa ba. Takan buɗe da jawabin Kwamodo, wanda yake farawa da yanayin iska ya ƙare da roƙon masu taimako. Sai sakamakon tsere, da jadawalin aiki, da jiragen sayarwa, da maraba ga sababbin shiga, da ta'aziyyar tsofaffi. Akan sanar da liyafar buɗe shekara, da ta rufe ta inda ake raba kofuna, da tseren masu taurin kai da suke fita cikin tsananin sanyi. A ƙungiyoyi da dama akwai kofin raha da ake ba wanda ya fi kowa kifewa ko ya yi babbar wauta a shekarar.

Harshen takardar yana da ban sha'awa ga mai nazari. Marubucinta ba shi da ikon tilasta kowa, don haka umurni yakan fito cikin rigar tunatarwa, zargi kuma cikin rigar barkwanci. Ba a ambatar sunan wanda ya tsallake ranar aikinsa, sai dai a yi ta yabon wanda ya toshe gurbin, mai laifi kuwa ya san da shi ake. Ƙorafe-ƙorafen ma ba sa tsufa: jiragen da masu su suka watsar a fili shekara da shekaru har ciyawa ta fito ta cikinsu, da kashin dinya a kan gangare, da ƙofar da aka bari a buɗe.

Takardun shekarun 1960 da 1970 suna kuma nuna wani abu da ba su yi niyyar nunawa ba. Gaskiya ne ƙaramin jirgi ya buɗe wa mata ƙofar da manyan ƙungiyoyi suka rufe, domin sai a 2013 ƙungiyar Cowes ta amince mace ta zama cikakkiyar mamba, alhali a kan kududdufi miji da mata sun daɗe suna tuƙi tare. Sai dai galibi mijin ne a kan akala, godiyar da ake yi wa mata kuwa yawanci ta shayi da burodi ce. An ɗauki lokaci kafin sunayensu su yawaita a kan kofuna da allon Kwamodoji.

Ruwan aro da hannun aro

Yara su ne abin alfaharin ƙungiya. Yawancinsu da Optimist suke farawa, wani ɗan jirgi mai kama da akwati wanda Clark Mills ya zana a Fulorida ta Amurka a 1947. Ben Ainslie, wanda ya ci azurfa a Olamfik na 1996 da zinariya 4 a jere daga 2000 zuwa 2012, a cikin irinsa ya koya, a ƙungiyar Restronguet ta yankin Cornwall. Amma ɗaya cikin dubbai ne yake kai wa nan. Abin da ya fi damun ƙungiya shi ne matasan da suke tafiya jami'a ko neman aiki ba su dawo ba.

Shi kansa jirgin ya sauya, zaman jama'a kuma ya sauya tare da shi. Laser, wanda Bruce Kirby ya zana aka fito da shi kasuwa a 1971, a masana'anta ake zuba shi, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Ya sauƙaƙa wasan ƙwarai, domin ba sai ka nemi abokin tafiya ba. Amma kujerar abokin tafiyar nan ita ce ƙofar da baƙo marar jirgi yake shigowa ta cikinta, ya koyi aiki a gaban gwani, ya san mutane. Ƙungiyar da jiragen mutum ɗaya suka rinjaya dole ta buɗe wata ƙofar, shi ya sa azuzuwan koyarwa da jiragen haya da ranakun gayyatar jama'a suka zama babban aiki. Su ma kuwa hannu suke ci, har ma hannun da yake da takardar shaida, domin yanzu galibi ana son mai tuƙa jirgin ceto da mai koyar da yara su zama sun sami horo. Aikin ya ƙaru a daidai lokacin da masu yinsa suke tsufa. Waɗansu manyan ƙungiyoyi sun ɗauki ma'aikata da albashi, suka ƙara kuɗin shekara. Aikin yana tafiya daidai, amma ɗan ƙungiya yakan fara ɗaukar kansa mai sayen hidima, wanda ya biya kuɗi kuwa ba ya jin nauyin zuwa gayya.

Ruwan ma, a wurare da yawa, na haya ne daga kamfanin ruwa ko na tsakuwa ko hukumar gari, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. A 1989 gansakuka mai guba ta sa aka dakatar da wasanni a Rutland. A 2010 aka gano wani baƙon jatan lande mai cinye ƙananan halittu a Grafham, abin da ya jawo dokar wanke jirgi da busar da shi kafin a kai shi wani ruwan. A watan Agusta na 2019 mafitar ambaliya ta madatsar Toddbrook ta lalace bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutane kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge, aka zuƙe tafkin domin ceton garin. Ƙungiyar jiragen iska da take wurin ta wayi gari da Kwamodo da tuta da jadawali, gabanta kuwa sai laka, kuma gyaran madatsar ya ɗauki shekaru.